Randar da Ta Ƙi Sanyaya Ruwa a Summerfield

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya riga mu komawa. Ranar Talata ya rasu, tsakanin azahar da la'asar, yana zaune a kujerarsa ta baranda a gidansa na Summerfield. Washegari muka kai shi makwancinsa.

Ban taɓa sanin Hausawan yankin Greensboro, babban garin da Summerfield ke gefensa, sun kai haka yawa ba. Motoci suka cika farfajiya, suka bi gefen titi har kusa da shingen maƙwabciya mai kiwon dawaki. Aka fitar da motar Hajiya, matar Kawu, daga gareji, aka shimfiɗa dardumai, maza suka zauna nan, mata suna falo. Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta kira daga gida ta bidiyo ta ce in juya mata wayar ta ga kujerar. Na juya. Ta daɗe tana kallo, har na zaci layin ne ya tsaya.

Abin da ya ba ni mamaki a zaman makokin shi ne kusan kowa abu ɗaya ya tuna. In ka kira Kawu a waya, da an gama gaisuwa sai ya ce, "Yaya iska a wajenku?" In ka ce lafiya lau, sai ya ce, "Lafiya lau ba amsa ba ce. Busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya?"

Wani Alhaji ɗan Nijar, mai tuƙa babbar mota, wanda suka shaƙu sosai, ya ce, "To, ni har ya koya mini. In na ga kiransa ina kan hanya, sai na sauke gilashi na fitar da hannu tukuna, kana in ɗauka. In ba haka ba ya ce ban san inda nake ba."

Aka ɗan murmusa. Zafin watan Agusta ne, irin wanda riga ke manne maka a baya ko ba ka motsa ba. Alhajin ya tashi ya nufi baranda, ya ga randar da ke gefen kujerar Kawu, ya ɗaga faifai, ya ɗebo da moɗa, ya kurɓa. Sai ya yamutsa fuska.

"Wannan ruwa ne ko shayin da ya huce?"

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa. Tun Talata ban ji muryarta da ƙarfi ba sai lokacin. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta ce, "Alhaji, shekara nawa ina faɗa masa! Shekara nawa!"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ni na san dalilin da ruwan bai yi sanyi ba, kuma a kan wannan dalilin ne muka rabu da Kawu ba da daɗi ba, mako uku kafin rasuwarsa. 'Yarsa ta fari, wadda nake kira Yaya, ta ce in rubuta wani abu a kansa saboda jikoki, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su amsa da Turanci. Na ce mata ban tabbata ni ne ya dace ba. Ta ce, "Kai dai ka rubuta." To ga shi. In na yi kuskure a wani wuri, waɗanda suka fi ni saninsa su gyara.

*

Kawu injiniya ne. Yawancin shekarun aikinsa a can yammacin ƙasar nan ya yi su, cikin hamada, a tashoshin da ke samar da wutar lantarki daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Da ya yi ritaya ne suka dawo nan don su kasance kusa da Yaya, wadda ke aikin jinya kuma take zaune a unguwar Sedgefield, nan kusa. A iya sanina babu irin waɗannan tashoshi a jihar nan, shi ya sa in ya ce ga aikin da ya yi, mutanenmu kan gyaɗa kai kawai su ce, "Ma sha Allah, Baba Injiniya."

Ni ma da na zo karatun digiri na uku ban fahimta sosai ba, duk da cewa labaransa ne suka sa na zaɓi fannin. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da babu wani littafi da ya yi mini irinsa. Ana haƙa rijiyoyi masu zurfin gaske, a jawo ruwan zafi ko tururi daga cikin ƙasa, ƙarfinsa ya juya babban inji, injin ya ba da wuta. Wannan kowa zai gane. Abin da ba a cika ganewa ba shi ne, bayan tururin ya wuce injin dole a sanyaya shi, kuma gwargwadon sanyin da aka samu, gwargwadon ƙarfin da injin zai yi.

"Zafin ƙasa ba ya fashi," in ji shi. "Bai san damina ba, bai san rani ba. Amma inji ba zafi kaɗai yake ci ba, tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi yake ci. Ƙasa ta ba ka zafin. Sanyin kuwa sai abin da sama ta ga dama."

Ya yi aiki a tashoshi iri biyu. Akwai masu sanyayawa da manyan fankoki, iska kawai suke hurawa a jikin bututu. Akwai kuma masu hasumiya, inda ake yayyafa ruwa daga sama iska tana ratsa shi, wani sashen ruwan ya bi iska ya tafi da zafin. Yakan ce ta farko ba ruwanta da komai sai zafin iska, ta biyun kuwa sai ta tambayi iskar ko tana da wurin ɗaukar ruwa.

In ya fara labarin tasha ba ya son a katse shi. Ya ba ni labarin ranakun bazara, da rana tsaka, lokacin da kowane gida ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ana ta neman wuta, a daidai lokacin ne tashar fankoki take raguwa, domin iskar da take hurawa ita ma ta yi zafi. Ya ba ni labarin hunturu, injin yana cikin ƙarfinsa amma ƙanƙara tana taruwa a jikin hasumiya, sai sun juya fankokinta baya don ɗumi ya narkar da ita kafin nauyi ya karya wani abu. Akwai iska mai ƙarfi da kan zo ta gefe ta hana fankoki shaƙa, ko ta mayar musu da zafin da suka fitar. Akwai tokar gobarar daji da kan toshe ƙananan ramukan da iska ke bi. Ya ce wani manaja sabon zuwa ya taɓa neman ya sa hannu a kan alkawarin cewa tashar za ta ba da wuta daidai wa daida duk shekara, tunda zafin ƙasa ba ya canzawa. Kawu ya fita da shi waje da azahar, ya tsayar da shi ƙarƙashin fankoki cikin kwat ɗinsa, ya ce masa ya sake faɗa. Ban san yadda suka ƙare ba. Duk lokacin da ya zo nan a labarin dariya take cin ƙarfinsa.

*

Randar kuwa ta Hajiya ce asali. Mahaifiyarta ce ta ba ta, ƙarama ce, irin ta ɗaki. A naɗe cikin zannuwa ta shigo da ita jirgi, a kan cinyarta in ji ta, ko da yake Kawu yakan ce a kan tasa cinyar ta yi rabin tafiyar. A hamada, in ji su duka biyun, ruwanta har haƙori yake riƙewa. Turawan da Kawu ke aiki da su kan zo su sha su leƙa ƙarƙashinta suna neman waya.

Da suka dawo nan sai randa ta canza hali. Da bazara ta kama, jikinta ya jiƙe sharkaf, ruwan ciki kuwa ɗumi-ɗumi. Hajiya ta ce ta tsufa, a zuba mata ƙasa a shuka fure. Kawu ya ce ba ta tsufa ba, garin ne. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta sai iska ta ɗauke shi kafin na ciki ya yi sanyi, iskar Greensboro kuwa ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da inda za ta sa ƙari.

Wannan gardama na ji ta ya fi a ƙirga.

"Ga firji, Alhaji. Ga firji har biyu, ɗaya a gareji."

"Firji ba ya gaya mini komai."

"To randa me ta gaya maka yau?"

"Ta ce kada ki yi shanya, ba za ta bushe ba."

"Wa ya ce maka shanya zan yi? Na'ura ke busar mini."

"Shi ya sa ba ki san garin da kike ba."

Kullum da safe shi yake cika ta da kansa. Ya rataye ma'aunin zafi guda biyu a jikin ginshiƙin baranda, ɗaya tsirara, ɗaya ya ɗaure masa bakin da ƙyallen tsohuwar singileti da yake jiƙawa. Bayan azahar sai ya fito ya ɗan yi wa mai ƙyallen fifita, ya duba su biyun, ya taɓa ruwan randa da bayan hannu. In tazarar ma'aunan ta yi nisa, iska busasshiya ce, ruwa zai yi sanyi. In sun matso kusa, sai ya ce, "Yau hasumiya tana shan wuya a wani wuri."

Maƙwabciyar mai dawaki, wata dattijuwar Baturiya, ta shigo ranar makoki da tiren abinci, ta tsaya a bakin gareji ba ta san inda za ta ajiye takalmi ba. Ta gaya wa Yaya cewa wata bazara Kawu ya hango ta tana ta watsa wa wani tsohon dokinta ruwa, dokin yana haki bai daina ba. Ya tsallako da fankar garejinsa a hannu, ya ce mata a irin wannan rana ruwa kaɗai ba zai isa ba, sai iska tana motsi a jikinsa. Ya jona fankar, ya zauna da ita har numfashin dokin ya daidaita. Ta ce fankar tana wurinta har yau, ya ƙi karɓa. Hajiya ta ce, "Ashe can ta tafi. Ya ce mini ta lalace."

*

Ni kuma suna ya sa mini: Malam Wataƙila. Ba zan ce bai dace ba. Tun ina ƙarami ba na iya faɗin abu kai tsaye, kullum ina tsoron kada ya zama ba haka ba ne. In ya ce, "Za ka zo cin tuwo ranar Asabar?" sai in ce wataƙila. In ya ce, "An yi ruwa a wajenku?" sai in ce ina jin an ɗan yi.

"Kana jin? Ba ka da taga?"

Ya taɓa ce mini, "In ka ce in sha Allahu, na san ka ɗaura niyya ka bar wa Allah sauran. In ka ce wataƙila, ƙofar baya kake nema." Na yi dariya a lokacin. Ban ɗauka zai dawo mini ba.

Duk da tsokanar, shi ne ya riƙe ni a ƙasar nan. Hunturun farko da ƙanƙara ta kakkarya rassan itatuwa wuta ta ɗauke a unguwarmu, kafin in gama tunanin ko ya dace in kira shi, sai ga shi a ƙofar ɗakina da safe da bargo da fulas ɗin kunu. Bai ce don me ban kira ba. Ya ce, "Ɗauko littattafanka, Hajiya ta ɗora miya."

Yanzu sai in zo kan abin da nake ta kewayewa.

Kundin digirina a kan wannan fannin nasa yake: in lokutan zafi suka ci gaba da tsananta, wutar da irin waɗannan tashoshi ke bayarwa za ta ragu da yaya, kuma a waɗanne ranaku. Babi na huɗu shi ne zuciyar aikin. Sufabaizata, wato malamar da ke duba aikina, wadda ƙwarewarta a tsarin rarraba wuta take, ta karanta ta amince. An sa ranar difens, wato ranar da zan tsaya in kare aikin gaban malamai, saura mako biyar. Wani kamfani ya yi mini alkawarin aiki in na gama a wannan zangon, kuma sun faɗa a fili cewa ba za su jira wani zangon ba. Takardun zamana a ƙasar nan, bayan karatu, da samun aiki suke tafiya. Mahaifiyata kuwa ta riga ta gaya wa dangi.

Ranar wata Asabar na kai wa Kawu babin. Gaskiya ba gyara na je nema ba, yabo na je nema. Ya sa tabarau, ya zauna a baranda, ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa. Ya kai wajen rabi ya koma baya. Ya sake komawa. Sannan ya cire tabarau.

"Ina laima?"

"Na'am, Kawu?"

"Laimar iska. Ina ka sa ta? Na ga zafi, zafi, zafi. Tashar fankoki da tashar hasumiya duk ma'auni ɗaya ka yi musu."

Na ce bayanan laima ba su cika ba a wasu wuraren, shi ya sa na yi amfani da zafin iska kawai, kuma ina jin bambancin wataƙila ba zai yi yawa ba. Gaskiyar ita ce na san da ramin. Na gan shi tun bara, na rubuta layi ɗaya a kansa a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, na wuce, ina fatan kada kowa ya tsaya a wurin.

Ya ɗebo ruwan randa ya miƙo mini.

"Sha."

Na sha. Ɗumi.

"Ka tuna ranar da ka zo gyara mini firinta, farkon bazara? Ka sha ruwan nan ka ce kamar daga firji?"

Na tuna.

"Dubi ma'aunin can, marar ƙyalle. Inda yake yau, nan yake ran nan. Na duba. Zafi ɗaya, randa ɗaya, ruwan famfo ɗaya. A lissafinka ranakun nan biyu rana ɗaya ce. Harshenka ya ce ba ɗaya ba ne. Wa zan yarda da shi?"

Na ce zan iya ƙara bayani a sashen abubuwan da binciken bai taɓo ba.

"Wannan ba abin da bai taɓo ba ne. Wannan abin da ya faɗa ne ba daidai ba. A ranar busasshen zafi ka ce hasumiya za ta faɗi, alhali tana tsaye. A ranar laima ka ce da sauƙi, alhali ran nan take durƙushewa. Wani zai karanta ya yi wa gari alkawarin wutar da babu."

"Kawu, ba wanda yake karanta kundin ɗalibi."

"To don me ka rubuta?"

Ya tambaye ni gyaran zai ɗauki wata nawa. Na ce sai na nemo bayanan laima, na sake lissafin rabin tashoshin, zango guda aƙalla. Ya ce, "To zango guda." Kamar wanda ke cewa a ƙara gishiri a miya.

A nan ne na faɗi abin da har yau nake nadamarsa. Ni da ban taɓa faɗin magana ba tare da na lulluɓe ta ba, ran nan na faɗe ta tsirara. Na ce, "Kawu, kai ka riga ka samu takardunka. Ba kai za a ce ka tattara ka koma ba."

Hajiya tana jin mu ta tagar kicin. Na ji ta ajiye ludayi.

Kawu ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haka ne. Ba ni ba ne." Ya jera takardun, ya daidaita gefensu a kan gwiwarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. "Ka gaida mutanen makaranta."

Ban ci tuwon ba. Asabar ta zagayo ban je ba. Ya kira sau biyu, na bari wayar ta gama ƙara, na tura saƙo cewa ina laburare, wataƙila in leƙo mako mai zuwa. Na yi ta shirya yadda zan ba shi haƙuri, ina sauya kalmomin, ina jiran sai na samu waɗanda babu kuskure a cikinsu. Ina cikin shirin Yaya ta kira ni ranar Talata.

*

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka ragu, Hajiya ta kira ni baranda. Na zaci faɗa za ta yi mini, kuma da ta yi, da na ji sauƙi. Ta zauna a kujerar roba, ta bar tasa babu kowa. Ta miƙo mini wani ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan makaranta.

A bangon an rubuta da hannunsa: Na Malam Wataƙila.

Na buɗe. Kowane shafi rana ɗaya, tun daga Lahadin da ta biyo bayan rigimarmu. Abin da ma'auni marar ƙyalle ya nuna, abin da mai ƙyalle ya nuna, yadda ruwan randa yake. A ƙasa kuma ya rubuta abin da tashar fankoki za ta yi a irin wannan rana, da abin da tashar hasumiya za ta yi, da abin da mai kula da inji ya kamata ya sa wa ido. A wasu shafukan ya rubuta irin wuraren da ake ajiye bayanan laima na shekaru, da yadda ake cike giɓi in wata tashar auna yanayi ba ta da su. Shafi na ƙarshe na ranar Talata ne. Ya cike ma'aunan biyu. Layin ruwan randa babu komai.

"Da moɗar a hannunsa na same shi," in ji Hajiya.

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Hajiya, na faɗa masa maganar da ba ta dace ba."

"Na ji ka. Taga a buɗe take."

"Ya yi fushi da ni?"

"Ya yi. Kwana ɗaya. Washegari ya ce in ba shi mukullin mota zai sayo littafi. Na ce Alhaji, yaron nan ya gaya maka magana, kai kuma aikin gida za ka yi masa? Ya ce ai tsoro ne ya yi maganar, ba shi ba. Ya ce ran nan ne karo na farko da ya ji ka faɗi abu ba wataƙila, saura ka faɗi na gaskiya haka."

Ta gyara mayafinta. "Ni ban san laima ba, ban san hasumiya ba. Ba zan ce maka yi ko bari ba. Na dai ba ka saƙonka."

Ranar Litinin na je ofishin sufabaizata. Na tsaya a bakin ƙofa har wani ɗalibi ya tambaye ni ko layi nake bi. Da na shiga, da Turanci muka yi maganar, amma ga abin da aka faɗa. Na ce babi na huɗu yana da kuskure, na nuna mata wurin, na yi mata bayanin tashoshin iri biyu. Ta jawo takardun ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya gano wannan?"

"Kawuna."

"A ina yake koyarwa?"

"Ba ya koyarwa. Ya rasu makon jiya."

Ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta ce, tsakani da Allah, akwai hanya biyu. Zan iya taƙaita babin, in faɗaɗa wancan layin na ƙasan shafi ya zama gargaɗi, mai yiwuwa malamai su bar shi ya wuce. Ko kuma in janye ranar difens in gyara shi daga tushe. Ta san maganar aikin kamfanin, ita ta rubuta mini takardar shaida. Ta ce zaɓin nawa ne, amma in yi tunani da kyau.

Na ce a janye ranar.

"Ka tabbata?"

Na ji kalmar nan tawa ta taso har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na ce, "Na tabbata."

Kamfanin bai jira ba, kamar yadda suka faɗa. Makaranta ta tsawaita mini takardun karatu zuwa ƙarshen zango mai zuwa, abin da zai biyo baya kuma ban sani ba tukuna. Ba zan ce ba na jin tsoro ba, ina ji, wani lokaci har abinci ba ya shiga. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "Yayana ne ya ce ka gyara?" Na ce shi ne. Ta ce, "To me kake jira?"

Na samo bayanan laima na yawancin tashoshin, ta hanyoyin da ya rubuta. Saura biyu. Abin da lissafin ke nunawa zuwa yanzu ya bi maganarsa, ko da yake ba zan yanke hukunci ba sai na gama. Wannan ba wataƙila ba ce, ƙa'idar aiki ce, kuma ina jin shi ma zai yarda da bambancin.

Hajiya ba ta shuka fure a randar ba. Duk Asabar nakan je in wanke ta, in cika ta, in jiƙa ƙyallen, in ci gaba da littafin daga shafin da ya tsaya. Asabar ɗin da ta wuce iska ta juya, irin juyin farkon kaka, sama ta yi wasai, ganye ya fara sauya launi. Ma'aunan biyu suka yi nesa da juna. Na ɗebo da moɗa na kai wa Hajiya kicin. Ta dube ni, ta karɓa, ta kurɓa. Ta riƙe moɗar a ƙirjinta ta daɗe.

"Ja'irar randa," ta ce. "Ashe da gaskiyarsa."

Ta shanye sauran, ta share ido da gefen mayafi.

"Yaushe za ka gama karatun nan?"

"Ƙarshen zango mai zuwa."

"Wataƙila?"

"A'a, Hajiya. In sha Allahu."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yafe mini abin da na faɗa masa. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi ruwan da ba a jin ƙishi bayansa. Ya ba Hajiya da Yaya da mahaifiyata haƙurin rashinsa, mu kuma Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.